Hawan Dutsen Gower

Hawan Dutsen Gower tafiyar ƙafa ce ta yini guda da masu yawon buɗe ido ke yi a ƙungiyance, tare da ɗan jagora mai lasisi, daga bakin teku zuwa ƙololuwar dutsen Gower da ke tsibirin Lord Howe a ƙasar Ostiraliya. Tsayin dutsen mita 875 ne daga saman ruwan teku, kuma shi ne wuri mafi tsayi a tsibirin. Zuwa da dawowa kimanin kilomita 14 ne, ana kuma ɗaukar awa takwas zuwa goma. Ana lissafa tafiyar cikin mafi wahala daga tafiye-tafiyen yini ɗaya a Ostiraliya, duk da cewa ba ta buƙatar ƙwarewar masu hawan duwatsu. Hukumar tsibirin ba ta yarda baƙo ya hau shi kaɗai ba, saboda hatsarin hanyar da kuma kare ɗan ƙaramin kurmin da ke kan dutsen, inda ake samun tsirrai da dabbobin da babu irinsu a wani wuri a duniya.

Wurin da dutsen yake

Tsibirin Lord Howe yana cikin tekun Tasman, tsakanin Ostiraliya da New Zealand, kimanin kilomita 600 gabas da garin Port Macquarie. Yana ƙarƙashin jihar New South Wales. Ƙaramin tsibiri ne mai siffar jinjirin wata, tsawonsa wajen kilomita 10, faɗinsa kuma bai wuce kilomita 2 ba. Mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne, kuma doka ta ƙayyade cewa baƙi ba za su wuce 400 a lokaci guda ba. A shekarar 1982 hukumar UNESCO ta sanya tsibirin da ƙananan tsibiran da ke kewaye da shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Tsibirin ragowar wani dutse ne mai aman wuta da ya taso daga ƙarƙashin teku kimanin shekaru miliyan 7 da suka wuce. Ruwa da iska sun cinye mafi yawansa. Abin da ya fi jure zaizaya shi ne narkakken dutsen da ya cika bakin ramin aman wutar ya daskare, kuma shi ne ya zama duwatsu biyun da suka mamaye kudancin tsibirin: Gower, da maƙwabcinsa Lidgbird mai tsayin mita 777. Gefunansu a tsaye suke kamar katanga, wasu suna faɗawa kai tsaye cikin teku. Kan Lidgbird tsini ne, amma kan Gower shimfiɗaɗɗe ne, fili mai faɗin kusan hekta 27. Mutanen tsibirin sun daɗe suna kiran Gower da suna Big Hill, wato babban tudu.

Babu wata shaida da ke nuna mutane sun taɓa zama a tsibirin kafin zuwan Turawa. Laftanar Henry Lidgbird Ball na rundunar ruwan Birtaniya ne ya fara hango shi ranar 17 ga Fabrairu, 1788, a cikin jirgin Supply, yana kan hanya daga Sidni zuwa tsibirin Norfolk. Ya raɗa masa sunan Richard Howe, shugaban hukumar jiragen ruwan yaƙin Birtaniya na lokacin. Mazauna na farko sun iso a 1834, suna sayar da abinci da ruwa ga jiragen masu farautar manyan kifayen teku da ake kira wel.

Yadda hanyar take

Ana taruwa da sassafe a ƙarshen titin mota na kudancin tsibirin. Ɗan jagora yakan duba takalma da ruwan shan kowa, domin babu kanti ko rumfa a hanya. Sashen farko mai sauƙi ne: ana bin inuwar itatuwa zuwa wani wuri da ake kira Little Island, daga nan a bi gaɓar teku a kan manyan duwatsu mulmulallu waɗanda kan motsa a ƙarƙashin ƙafa. Bayan haka hanyar takan miƙe sama cikin kurmi, inda ake fara kama igiya.

Sashen da aka fi ba da labarinsa shi ne Lower Road. Sunan yana nufin hanyar ƙasa, amma ba hanya ba ce a ma'anar da aka sani. Wani siririn gefe ne a jikin katangar dutsen Lidgbird, dutse a tsaye ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen kuma gangare zuwa teku. An kafa igiya a jikin dutsen, matafiya suna bi ɗaya bayan ɗaya suna riƙe da ita. A nan ake sa hular kwano, domin tsakuwa da ƙananan duwatsu kan faɗo daga sama. Wanda ke jin jiri idan ya dubi ƙasa daga wuri mai tsayi, a wannan sashen yake gane ko zai iya ci gaba. Idan an yi ruwa mai yawa ko iska ta yi ƙarfi, 'yan jagora kan soke tafiyar ranar baki ɗaya.

Daga Lower Road sai a kewaya zuwa kwarin Erskine, wanda ya raba duwatsun biyu. Akwai rafi a cikinsa, inda aka saba hutawa a ƙara ruwa a gora. Daga rafin hawa ne ba sassauci cikin kurmi har zuwa wuyan tudun da ya haɗa Lidgbird da Gower, wanda ake kira Saddle saboda kamarsa da sirdi. Daga nan hanyar takan bi ƙashin bayan dutsen, ana jan jiki da igiyoyi da saiwoyin itatuwa. Wuri mafi tsanani shi ne Get Up Place, wani ɓangaren dutse mai tsayuwa wanda ba a wuce shi sai da hannu biyu a kan igiya. Bayansa kaɗan sai gangaren ya kwanta, a shiga kurmin kan dutse.

A ranar da sama ta washe, daga bakin ƙololuwa ana ganin tsibirin gaba ɗaya: dutsen Lidgbird a gaba, ruwa mai launin shuɗi-kore da shingen murjani ya tare a yammacin tsibirin, da 'yan gidajen mazauna can nesa. Wannan shingen shi ne shingen murjani mafi kusa da kudancin duniya. Daga wasu wurare a kan hanya ana hango Ball's Pyramid, wani tsinin dutse da ya fito daga teku sama da kilomita 20 kudu maso gabas, tsayinsa ya haura mita 550. Sai dai sau da yawa gajimare kan rufe ƙololuwar, mutum ya sha wahalar hawa bai ga komai ba sai farin hazo. Bayan cin abincin rana akan sauko ta hanyar da aka hau, kuma da yawa daga waɗanda suka yi tafiyar sun fi kukan saukowa, saboda gwiwa ta gaji kuma ana bin igiyoyin da baya-baya.

Itatuwa daga ƙasa zuwa sama

Kusan rabin nau'o'in tsirran asali na tsibirin ba a samun su a ko'ina sai nan, kuma mai hawan Gower yana ratsa su ne hawa-hawa. Abin da ya fi nuna wannan shi ne bishiyoyi huɗu 'yan dangin dabino da giginya, waɗanda dukkansu na tsibirin ne kaɗai. A ƙasa kusa da teku akwai kentiya, Howea forsteriana, wadda ta zama ɗaya daga cikin shuke-shuken ado na cikin ɗaki da aka fi sani a duniya. Tun wajen shekarun 1880 mutanen tsibirin ke sayar da irinta zuwa Turai, kuma wannan ciniki ne ya riƙe su bayan farautar wel ta mutu. Sama kaɗan sai 'yar'uwarta Howea belmoreana mai lanƙwasasshen ganye ta fi yawa. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2006 ya kawo waɗannan biyun a matsayin misalin yadda nau'i ɗaya kan rabu biyu a wuri guda, ba tare da teku ko dutse ya shiga tsakaninsu ba. Bambancin ƙasar da suke tsirowa da lokacin da suke fure ne ya raba su. Daga tsakiyar dutse zuwa sama akwai Hedyscepe canterburyana, sannan a can ƙololuwa kaɗai ake samun ƙaramar cikinsu, Lepidorrhachis mooreana, wadda aka raɗa wa sunan Charles Moore, shugaban lambun tsirrai na Sidni da ya ziyarci tsibirin a 1869.

Kurmin kan dutsen iri ne da masana ke kira kurmin gajimare. Iska mai ɗauke da danshin teku tana bugun dutsen ta hau sama, ta yi sanyi, ta zama gajimaren da ke zama a kan ƙololuwa. Itatuwan suna tatsar ruwa daga wannan gajimare ko da ba a yi ruwan sama ba. Gajeru ne, karkatattu, gansakuka ta lulluɓe rassansu, ga kuma tsirrai marasa fure masu ganye kamar gashin tsuntsu, waɗansu ƙanana a jikin itace, waɗansu sun yi tsayin bishiya. Ƙasa kullum a jiƙe take, cike da ramukan tsuntsaye. Cikin manyan itatuwan akwai Zygogynum howeanum da Dracophyllum fitzgeraldii, da kuma Metrosideros nervulosa mai jan fure. Akwai nau'o'in dodon koɗi da ƙwari da ba a san su a wani wuri ba sai wannan fili. Gwamnatin New South Wales ta sanya kurmin cikin muhallan da ke fuskantar barazanar ɓacewa mafi tsanani. Babbar damuwar masana ita ce ɗumamar yanayi: idan gajimaren ya riƙa tsayawa sama da yadda ya saba, ko ya rage yawan sauka, kurmin ba shi da wani tudu mafi tsayi da zai koma.

Kazar kurmi

Tsuntsun da ya fi alaƙa da tarihin dutsen shi ne kazar kurmi ta Lord Howe, wata tsuntsuwa mai ruwan ƙasa 'yar dangin kazar ruwa, girmanta kamar ƙaramar kaza, wadda ba ta tashi sama. Lokacin da Turawa suka iso tana ko'ina a tsibirin, kuma ba ta gudun mutum, don haka matuƙan jiragen ruwa suka riƙa kama ta cikin sauƙi. Daga baya aka saki aladu da awaki a daji domin su zama nama ga jiragen da ke wucewa, kuliyoyi ma suka bazu. Aladun suna tone ƙasa suna cin ƙwai da 'yan tsaki. Zuwa shekarun 1970 abin da ya rage bai kai tsuntsaye 30 ba, kusan dukkansu a kan Gower da Lidgbird. Katangar dutsen da ke wahalar da matafiya a yau ita ce ta hana aladu isa ƙololuwa, ta haka nau'in ya tsira.

An kawar da aladu da kuliyoyin daji a ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980. A 1980 aka sauko da 'yan tsuntsaye kaɗan daga kan dutse aka fara kiwonsu a killace, aka riƙa sakin 'ya'yansu a sassan tsibirin. Adadinsu ya farfaɗo zuwa ɗari biyu da wani abu, ya tsaya a nan shekaru da dama. A kan ƙololuwa sukan fito daga cikin ciyayi su zagaya matafiya lokacin cin abinci, amma an hana ba su komai.

Tsuntsun da ake kira daga sama

Daga watan Maris zuwa Nuwamba, wato kaka da hunturun kudancin duniya har zuwa bazara, wani tsuntsun teku mai suna Pterodroma solandri yakan zo Gower da Lidgbird ya yi ƙwai a cikin ramuka. Kusan duk waɗanda suka rage a duniya a kan waɗannan duwatsu biyu suke hayayyafa. Da rana tsaka zuwa yamma sukan cika sama suna kewaya ƙololuwa. Idan mutum ya ɗaga murya ya yi kururuwa mai tsawo, sai su riƙa faɗowa ta cikin rassa suna sauka a gabansa, har wasu su hau jikinsa. 'Yan jagora kan nuna wa baƙi wannan, kuma David Attenborough ya ɗauki hotonsa a tsibirin cikin shirinsa na talabijin The Life of Birds na 1998.

Rashin tsoron nan ne ya hallaka tsuntsun a tsibirin Norfolk. A watan Maris na 1790 jirgin Sirius ya farfashe a gaɓar Norfolk, abinci ya yi ƙaranci ga fursunoni da sojojin da Birtaniya ta zaunar a can. Suka koma cin waɗannan tsuntsaye, har suka kira shi tsuntsun da Ubangiji ya aiko. Lissafin da wani hafsa ya ajiye ya nuna an kashe fiye da 170,000 cikin watanni uku na shekarar. Kafin 1800 ya ƙare a Norfolk.

Ɓeraye da kawar da su

A watan Yuni na 1918 jirgin ruwa mai suna Makambo ya kafe a gaɓar tsibirin, baƙaƙen ɓeraye suka fito daga cikinsa. Cikin 'yan shekaru nau'o'in tsuntsaye biyar da babu su a wani wuri suka ɓace. Wani babban ƙwaro baƙi mai kama da guntun ice, Dryococelus australis, shi ma ya ɓace daga tsibirin, aka ɗauka ya ƙare, sai a 2001 aka gano 'yan kaɗan a jikin Ball's Pyramid. Yanzu ana kiwonsa a gidan namun daji na Melbourne. A shekarun 1920 an kawo mujiyoyi don su ci ɓerayen, sai suka haɗa da tsuntsayen tsibirin. Katangar Gower da ta tare aladu ba ta tare ɓeraye ba. A kan ƙololuwa sun riƙa cinye 'ya'yan ƙaramar bishiyar nan ta Lepidorrhachis tun kafin su nuna, har ya zama da wuya a ga sabon tsiro a wuraren da ba a sa magani ba.

Shawarar kawar da ɓerayen gaba ɗaya ta raba kan mazauna tsibirin shekaru da yawa. Wasu suna tsoron illar gubar ga yara, da dabbobin gida, da kifi, da kuma harkar baƙi wadda ita ce abincin yawancinsu. A ƙuri'ar jin ra'ayi ta 2015 masu goyon baya sun yi rinjaye da ƙyar, kashi 52 cikin ɗari. An yi aikin a hunturun 2019: jirage masu saukar ungulu suka watsa maganin ɓera mai suna brodifacoum a kan duwatsu da kurmi, a cikin gari kuma aka ajiye shi cikin dubban akwatuna. Kafin a fara, an kama mafi yawan kajin kurmi da wani adadi na tsuntsun currawong na tsibirin, ma'aikatan gidan namun daji na Taronga suka kula da su a killace har gubar ta gushe. A 2021 an sake ganin wasu ɓeraye a cikin gari, aka bi su da karnuka masu sansano da tarkuna. A 2023 aka bayyana cewa aikin ya yi nasara. Adadin kajin kurmi ya haura 1,000, kuma a kan hanyar Gower ana ganin 'ya'yan itatuwa zube a ƙasa da ƙananan tsirrai a inda da babu.

Ƙa'idojin hawa

Hukumar tsibirin Lord Howe, wadda aka kafa da dokar 1953, ita ke kula da gandun da ya ƙunshi kusan kashi 70 cikin ɗari na tsibirin, har da duwatsun kudu. Ita ke ba 'yan jagora lasisi, kuma 'yan kaɗan ne ke da shi. Ba kullum ake hawa ba, sai a ranakun da aka tsara, kuma ana ƙayyade yawan mutanen kowace ƙungiya. Ana buƙatar mai hawa ya kasance da ƙoshin lafiya, ya zo da takalmi mai riƙe ƙasa, da ruwa, da abinci, da rigar ruwa, domin kan dutsen ya fi bakin teku sanyi da danshi. Ƙungiya tana tafiya ne da saurin wanda ya fi kowa jinkiri, kuma ɗan jagora na da ikon mayar da wanda ya ga ba zai kai ba. Tsibirin yana da ƙaramin asibiti ne kawai; wanda ya ji mummunan rauni sai an sauko da shi daga dutse sannan a ɗauke shi a jirgin sama zuwa babban yankin Ostiraliya.

Bayan ɓeraye, abin da hukuma ta fi tsoro shi ne cututtukan tsirrai da ke maƙalewa a takalmi da tufafi. Akwai wuraren goge takalmi da fesa masa magani a bakin hanyoyin daji, domin hana yaɗuwar Phytophthora cinnamomi, wata cuta da ke ruɓar da saiwa. A farkon 2023 an gano cutar tsatsar ganye da ke kama itatuwan dangin turare, wanda Metrosideros na kan dutse ke cikinsu. Iska da jikin mutum duk suna ɗaukar ƙwayoyinta. A watan Maris na shekarar hukuma ta rufe gandun ga baƙi na ɗan lokaci, har da hanyar Gower, sannan aka sake buɗewa bayan an bincika an kuma tsaurara matakan tsabtace kaya. A kan ƙololuwa ana buƙatar matafiya su tsaya kan turbar da aka tsara, saboda taku ɗaya a gefe na iya rusa ramin da tsuntsu ke kwance a kan ƙwai.

Ana isa tsibirin ta jirgin sama daga Sidni cikin kimanin awa biyu. An buɗe filin jirgin a 1974; kafin nan, tun daga 1947, jiragen sama masu sauka a kan ruwa ne ke kawo baƙi.